Dalolin Masar: Kabari, Rumbun Hatsi ko Tashar Lantarki?

Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Sarki Kufu wajen shekara ta 2560 kafin Miladiyya, tsayinta na asali ya ɗan haura mita 146, kowane gefe na gindinta kuma mita 230 ne. Duwatsun da ke jikinta an ƙiyasta sun kai miliyan 2.3, matsakaicinsu tan biyu da rabi. Waɗanda suka yi aikin ba su da kayan baƙin ƙarfe, ba su da injin ɗaga kaya. Duk wanda ya ji waɗannan alƙaluma ya ce akwai lauje cikin naɗi, ba a ga laifinsa ba. Daga wannan mamaki ne ra'ayoyi suka yi ta tsirowa: wasu su ce rumbunan Annabi Yusuf ne, wasu su ce aikin Samudawa ko aljanu ne, wasu su ce baƙi ne daga wata duniya, wasu kuma su ce tashar lantarki ce ko taswirar taurari.

Waɗannan ra'ayoyi ba nauyinsu ɗaya ba, kuma kuskure ne a haɗa su a yi musu kuɗin goro. Ma'aunin da ke raba su mai sauƙi ne. Babban aiki ba ya wucewa bai bar sawu ba: ma'aikata sukan bar toka da fasassun tukwane, inji yakan bar tsatsa, hatsi yakan bar ƙaiƙayi. Idan ra'ayi gaskiya ne, wane sawu ya kamata a tarar a wurin, kuma an tarar da shi?

Zancen cewa ba a taɓa samun gawa ba

Hujjar da aka fi dogara da ita wajen ƙin yarda cewa dala kabari ce ita ce akwatin dutsen da ke ɗakin Kufu fanko ne. Haka ne, fanko yake. Amma ba gaskiya ba ne cewa ba a taɓa samun gawa a cikin wata dala ba. An samu sassan busasshiyar gawar Sarki Neferefre a dalarsa ta Abusir, an kuma samu na Jedkare Isesi a tasa da ke Sakkara. Abin da ya sa yawanci fanko suke shi ne ɓarayi, kuma Misirawan dā da kansu sun rubuta wannan. Akwai takardun shari'a na zamanin Ramsis na 9, wajen 1100 kafin Miladiyya, inda wasu ɓarayi suka amsa cewa sun haƙa rami sun shiga dalar Sarki Sobekemsaf, sun kwashe zinariyar jikinsa da ta matarsa, sannan suka cinna wa akwatunan wuta.

Ban da haka, dala ba ita kaɗai take tsaye a fili ba. Tana da haikali a jikinta ta gabas inda ake kai wa mamaci sadaka, da doguwar hanya mai gangarawa zuwa wani haikalin a bakin ruwa, da kaburburan matan sarki da 'ya'yansa da fadawansa jere a kewaye. A 1954 an tono jirgin ruwan Kufu a wani rami kudu da dalar, a wargaje gida 1,224, da aka harhaɗa shi ya haura mita 43. Akwatin giranit, wani dutse mai tsananin tauri, na ɗakin sarki ya fi ƙofar hanyar da ke hawa zuwa ɗakin faɗi kaɗan, wato tun ana cikin gini aka ajiye shi, aka gina ɗakin a kansa. Daga zamanin Sarki Unas kuwa, wajen 2350 kafin Miladiyya, sai aka fara sassaƙa addu'o'i a bangon ɗakin gawa, kuma abin da suke faɗi a fili yake: sarki ya tashi, ya hau sama, ya shiga cikin taurarin da ba sa faɗuwa.

Akwai inda masu shakka suke da abin faɗi. Sarki Sanefaru, mahaifin Kufu, manyan daloli uku ya gina, alhali gawa ɗaya gare shi. Akwai kuma wasu ƙananan daloli guda bakwai a warwatse a larduna, daga Saila har tsibirin Elefantin, waɗanda babu ɗaki ko ɗaya a cikinsu, ana ganin alamar ikon sarki ce aka kafa a yankunan. A 1954 Zakariyya Gunaim ya tarar da akwatin gawa a rufe ruf a dalar Sekemket da ba a kammala ba, da aka buɗe babu kowa a ciki. Saboda haka cewa kowace dala kabari ce kawai ya yi ƙunci. Ita ma tallar mulki ce, kuma hanya ce ta tara jama'ar ƙasa a kan aiki guda.

Rumbu da Samudawa

Maganar rumbun Annabi Yusuf tsohuwa ce. Wani limamin Kirista na ƙasar Faransa, Gregory na Tours, ya rubuta ta a ƙarni na 6, kuma a majami'ar San Marko da ke birnin Benis an zana dalolin a matsayin rumbuna a ƙarni na 13. Galibin masu yaɗa ta a lokacin ba su taɓa shiga dala ba. Rumbu fili ake so a cikinsa, dala kuwa curin dutse ce. Ɗakin sarki tsawonsa mita 10.5, faɗinsa 5.2, tsayinsa 5.8, alhali girman dalar gaba ɗaya ya kai kubik mita miliyan 2.6. Ko an tara duk ɗakuna da hanyoyin da aka sani, ba su kama ƙafar kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rumbunan Misirawa na ainihi an san su, an tono su, an kuma zana su a bangon kaburbura: na tubalin laka ne masu kan tulluwa, ana zuba hatsi ta sama, ana ɗiba ta wata ƙaramar ƙofa a ƙasa. Suratu Yusuf ta ce a bar hatsin cikin zangarniyarsa, ba ta ambaci dala ba.

Zancen ƙattai shi ma ginin da kansa ya ƙaryata shi. Hanyar da ke gangarawa cikin dalar Kufu faɗinta kimanin mita ɗaya ne, tsayinta mita 1.2, ko mutumin yau sai ya sunkuya. Alƙur'ani ya sanya Adawa a Ahƙaf, Samudawa kuma a Hijr, duka a tsibirin Larabawa. Su kuwa maginan dala an san garinsu. A kudancin Giza, wurin da ake kira Haiɗ al-Gurab, Mark Lehner da abokan aikinsa sun tono gidajen gasa burodi da tukwanen gashi masu yawan gaske, da ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da aka yanka don ciyar da ma'aikata. A 1990 aka gano maƙabartarsu a kan tudu. Mutane ne masu jiki irin namu, ƙashin bayansu ya nuna alamun ɗaukar nauyi, wasu da karayar da aka ɗora ta warke. Ƙiyasin masana a yau bai wuce ma'aikata 20,000 zuwa 25,000 ba a lokaci guda.

Kurakuran magina

A ganinmu babu shaidar da ta kai wannan ƙarfi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita idan aka tsaya kallon dalar Kufu ita kaɗai, kamar daga sama ta faɗo. Kafin ta an yi kusan shekara ɗari ana gwaji ana tuntuɓe.

Sarakunan farko kabarin bulo mai shimfiɗaɗɗen kai ake yi musu. A zamanin Sarki Josa, wajen 2650 kafin Miladiyya, aka ɗora irin wannan gini hawa-hawa har shida da dutse a Sakkara, aikin da ake dangantawa da mai tsara gini Imhotef. Duwatsunta ƙanana ne, mutum biyu za su iya ɗauka, kuma an sauya fasalinta sau da dama kafin a tsaya. A Maidum an fara da hawa bakwai, aka mai da shi takwas, sannan aka cike matakan don a samu gefe mai santsi. Ɓawon na waje ba a ɗora shi duka a kan fa ba, wani sashe a kan yashi yake, daga baya ya zube, yau dalar kamar hasumiya take a tsakiyar tarin ɓaraguzai.

Dalar Dahshur mai lanƙwasa ta fi kowacce bayani. An gina sashenta na ƙasa da karkata ta digiri 54 a kan ƙasa mai laushi, ana kuma jera duwatsun a kishingiɗe suna kallon ciki, da tunanin hakan zai ƙara mata ƙarfi. Sai ya zama nauyin yana taruwa a kan ɗakunan ciki, bango ya fara tsagewa. Maginan suka shigo da gumagumai na itacen al'ul suka tokare ɗakin sama, suka rage karkatar zuwa digiri 43 tun ginin bai kai rabi ba, suka koma jera dutse a kwance. Itatuwan suna nan har yau. Dala ta gaba, wadda ake kira Ja, tun daga gindi aka fara ta da digiri 43.

Ita kanta dalar Kufu ba ta tsira ba. Ɗakin da aka haƙa a cikin fa, kimanin mita 30 ƙarƙashin ƙasa, an watsar da shi ba a gama ba. Manyan azarun giranit guda tara da suka rufe ɗakin sarki sun tsattsage, kuma an ga inda aka shafa kwaɓi a kan tsagar tun a zamanin dā. A jikin akwatin gawar akwai inda zarto ya kauce ya ci dutse, aka janye shi aka sake kama layi. Wannan aikin hannun ɗan Adam ne. Yadda suke yanka giranit ma an gwada shi: zarton jan ƙarfe marar haƙori, ana zuba yashi a ƙarƙashinsa, yashin ne ke cin dutsen, jan ƙarfen yana tura shi kawai yana kuma cinyewa. Denys Stocks ya yi wannan gwaji a Aswan, ya yanka, sai dai aikin na tafiyar hawainiya ne.

Masu cewa ai akwai daloli a Meziko da Sudan, don haka malami ɗaya ne ya koyar da duniya, sun manta cewa duk wanda ke son tara abu ya yi tsawo ba tare da ginshiƙin ƙarfe ba, wannan siffa zai faɗa wa, faffaɗan gindi da tsukakken kai. Leburorin da suka jera buhuna suka ta da dalar gyaɗa a Kano ba wanda ya kawo musu zane daga Giza.

Lambobin da ake cewa an ɓoye

A ƙarni na 19 John Taylor da Charles Piazzi Smyth suka yaɗa cewa an ɓoye ilimin sama a ma'aunin dalar. Flinders Petrie ya tafi Giza a 1880 yana mai sha'awar ra'ayin, ya auna komai da kyau, awonsa ya rushe shi. Abin da ya rage yana yawo shi ne lambar fai, wadda ake samu idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta: idan aka raba kewayen gindi da tsayi sau biyu, ana samun 3.14.

Lissafin gaskiya ne, amma ga inda ya fito. Misirawa da kamu suke awo. Kamunsu na sarauta santimita 52 da ɗoriya ne, tafi 7 ke cikinsa, kowane tafi yatsu 4, wato yatsu 28. Ba da digiri suke faɗin karkatar gini ba, cewa suke: idan ka hau kamu ɗaya, yatsu nawa za ka matsa ciki? A dalar Kufu amsar yatsu 22 ce. Gefenta kamu 440, tsayinta kamu 280. Kewaye ya zama 1,760, a raba da 560, sai ga 22 bisa 7. Kafre, ɗan Kufu, ya zaɓi yatsu 21, irin wannan lissafi a dalarsa 3 cif yake bayarwa. Da fai ake nufi, da ba a yar da ita a dala ta gaba a fili ɗaya ba. Takardar lissafi ta Rhind, wadda aka kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya, tana ɗauke da darussan wannan awo na karkata, kuma dabararta ta auna da'ira 3.16 take bayarwa.

Zancen gudun haske ya fi rauni. Ana cewa dalar tana kan layin digiri 29.9792 arewa, haske kuma yana gudun mita 299,792,458 a daƙiƙa. Mita a Faransa aka ƙirƙiro ta cikin shekarun 1790. Sannan lamba ta huɗu bayan ɗigo tazarar mita 11 ce kawai a ƙasa, gini mai faɗin mita 230 layuka kusan ashirin irin wannan ne suka ratsa shi, mutum ya zaɓi wanda ya yi masa.

Daidaiton gefunanta da gabas da yamma da kudu da arewa kuwa abin yabo ne na gaske, kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha biyar na digiri ba. Amma sanda da igiya sun isa. A ranar da dare da yini suke daidaita a watan Satumba, a kafa sanda a shimfiɗaɗɗen wuri, a riƙa sa alama a bakin inuwarta daga hantsi zuwa la'asar, a haɗa alamomin, layin gabas da yamma ya fito. Injiniya Glen Dash ya gwada haka a 2016, ya samu ɗan kuskure mai karkata ɓangare ɗaya da na manyan dalolin.

Taurari, lantarki da siminti

Robert Bauval ya shahara a 1994 da cewa dalolin Giza uku hoton taurari uku ne da ke jere a tsakiyar ƙungiyar taurarin da ake kira Oriyon, daga baya aka ƙara da cewa an tsara su tun 10,500 kafin Miladiyya. Rabin maganar yana da tushe, domin Misirawa sun danganta Oriyon da abin bautarsu Osiris. Matsalar ita ce ba mutum ɗaya ya tsara filin ba. Bayan Kufu ɗansa Jedefre ya hau, ya tafi Abu Rawash, kilomita 8 arewa, ya yi tasa dalar, sai Kafre ya dawo Giza. Batun shekarun kuma kwaɓin da ke tsakanin duwatsu ya warware shi. Jifsin ne, wani farin ma'adini, da aka gasa da wuta, ɓurɓushin gawayi ya maƙale a ciki. An yi masa gwajin kabon, wanda ke nuna shekarun itacen da ya zama gawayin, a 1984 da 1995. Na farko ya ba da shekarun da suka girmi lissafin tarihi da kusan 370, na biyu da 100 zuwa 200, abin da ake dangantawa da ƙona tsofaffin itatuwa. Babu gwajin da ya leƙa kusa da shekara dubu goma. A ɗakuna biyar da ke saman ɗakin sarki, waɗanda Howard Vyse ya fasa huɗu daga cikinsu da albarushi a 1837, akwai sunayen ƙungiyoyin ma'aikata da jan fenti ɗauke da sunan Kufu, wasu a kife, wasu sun shige cikin haɗin duwatsu inda hannu ba ya kaiwa.

Siraran kafofi huɗu da suka tashi daga ɗakunan sama, kowace kimanin santimita 20 faɗi da tsayi, su ne har yanzu ake muhawara ta gaskiya a kansu. Na ɗakin da ake kira na sarauniya ba na iska ba ne, domin ba su fita waje ba, bakinsu ma a toshe yake sai da Waynman Dixon ya fasa a 1872. Ba na hangen taurari ba ne kuma, don suna da lanƙwasa. A 1993 wata ƙaramar na'ura mai kyamara ta Rudolf Gantenbrink ta rarrafa fiye da mita 60 a ta kudu, ta ci karo da murfin dutse mai ƙusoshin jan ƙarfe biyu. A 2002 aka huda shi, aka tarar da ɗan sarari da wani dutsen a baya. Bayanin da ya fi dacewa da addu'o'in bango shi ne hanyoyi ne na ruhin sarki, na arewa zuwa taurarin da ba sa faɗuwa, na kudu zuwa Oriyon da tauraron Shi'ira.

Ra'ayin tashar lantarki, wanda Christopher Dunn ya fito da shi a 1998, ya ce ana haɗa sinadarai a ɗakin sarauniya, giranit kuma yana fitar da wuta idan ya girgiza. Ƙwayoyin ma'adinin da ke yin haka a cikin giranit kowace inda ta fuskanta daban, ɗan abin da suka fitar kashe juna yake yi. Babu waya, babu na'urar da za ta sha wutar, babu ko ɗaya a duk garuruwan da aka tono. Zanen haikalin Dandara da ake cewa ƙwan fitila ne an yi shi fiye da shekara 2,000 bayan Kufu, rubutun gefensa kuma ya ce maciji ne ke fitowa daga furen bado.

Joseph Davidovits ya ce ba sassaƙa duwatsun aka yi ba, kwaɓa su aka yi aka zuba a ma'auni kamar kankare. Wannan aƙalla ra'ayi ne da ake iya gwadawa, an kuma gwada. Mahaƙar tana nan kudu da dalar da ramukan da aka yanko duwatsu, girman duwatsun ya sha bamban da juna, kuma wanda ya zuba kankare a kan kankare ba ya buƙatar cusa kwaɓi a tsakani. A shafukan sada zumunta ana jingina wannan ra'ayi da aya ta 38 a Suratul Ƙasas, inda Fir'auna ya umarci Hamana ya hura wuta a kan yumɓu ya gina masa dogon gini. Malaman tafsiri da gasasshen tubali suka fassara ta. Dutsen Giza ba yumɓu ba ne, ba a kuma gasa shi ba.

Inda ƙofa take a buɗe

Yadda aka kawo dutse an san shi sosai. A 2013 tawagar Pierre Tallet ta samu takardun fafirus, irin takardar da Misirawan dā ke yi da wata ciyawar ruwa, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, cikinsu har da kundin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Shi da mutanensa kimanin 40 suna lodin farin dutse a mahaƙar Tura, su tsallaka Nilu da jirgi zuwa Giza, sawu biyu ko uku cikin kwana goma, a ƙarƙashin kulawar Ankhaf, ɗan'uwan sarki. A tudu kuma a kan gadon katako ake ja. Wani zane a kabarin Jehutihotef ya nuna mutum 172 suna jan gunki mai kimanin tan 58, wani na tsaye a gaba yana zuba ruwa. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun nuna a 2014 cewa yashi mai ɗan danshi yana rage ƙarfin da ake buƙata da rabi, busasshe yakan taru a gaban katakon ya tare shi, idan ruwan ya yi yawa kuma ya koma taɓo.

Hawa da dutse sama ne ba a daddale ba. Miƙaƙƙen tudu mai hawan mita ɗaya a kowace mita goma zai kai kusan kilomita ɗaya da rabi kafin ya taɓa ƙololuwa, ya wuce mahaƙar, ya ci kayan da suka yi kusa da na dalar. Tudun da ke nannaɗe gini ta waje yana rufe kusurwoyin da mai awo ke dubawa, ga wuyar juya dutse a kwana. Abin da ke sauƙaƙa lissafin shi ne kashi 70 cikin ɗari na duwatsun suna cikin sulusin farko na tsayin, don haka mai yiwuwa dabara fiye da ɗaya aka haɗa. A 2018 an gano wani tudu na zamanin Kufu a mahaƙar Hatnub, mai tsananin hawa na kashi 20 cikin ɗari, da matakala a gefe biyu da ramukan turaku da ake naɗa igiya. Jean-Pierre Houdin yana ganin akwai hanya mai zagaye a cikin jikin dalar, amma ba a gan ta da ido ba.

A watan Maris na 2025 wasu masu bincike daga Italiya suka sanar a taron manema labarai cewa hoton rada na tauraron ɗan Adam ya nuna musu rijiyoyi takwas masu zurfin fiye da mita 600 a ƙarƙashin dalar Kafre. Sun sanar ba tare da wasu masana sun tantance aikin ba, kuma irin wannan rada 'yan mitoci kaɗan take ratsawa ko a busasshen yashi. A gwada da yadda aka gano babban kogon da ke saman doguwar farfajiyar cikin dalar Kufu a 2017. An yi amfani da miyuwon, wasu ƙwayoyi da ke zubowa daga sama suna ratsa dutse, inda akwai sarari sai su fi yawa. Tawagogi uku, biyu daga Japan ɗaya daga Faransa, kowace da irin na'urarta, suka ga abu ɗaya mai tsawon aƙalla mita 30. A 2023 aka tabbatar da wani lungu mai tsawon mita 9 a bayan fuskar arewa, aka zura kyamara mai kaurin milimita 6 ta haɗin duwatsu aka ɗauko hotonsa. Babban kogon ba a shiga shi ba tukuna. Hoton miyuwon daga wuri ɗaya inuwa kawai yake bayarwa, sai an ajiye farantan da ke kama miyuwon a kusurwoyi da dama na tsawon watanni kafin a iya cewa a kwance yake ko a karkace, ɗaki ɗaya ne ko jerin ƙanana.